Ɗana ya tambaye ni: me ya sa Allah bai hana su ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a Mora, a arewacin Kamaru, da maigidana da yaranmu biyu. Mako shida ke nan da 'yan Boko Haram suka shiga ƙauyenmu na asali cikin dare, can wajen Kolofata, suka kashe ƙanena tare da maƙwabcinsa Kirista. Ɗana mai shekara 8 ya shaƙu da kawun nan nasa ƙwarai. Ya ji manya suna cewa maharan kabbara suke yi suna harbi, sai ya riƙa tambayata: "Inna, in Allah mai rahama ne, me ya sa bai hana su ba? Su ma ai Allah suke kira." Babansa ya daka masa tsawa ya ce wannan saɓo ne. Tun ranar bai sake tambaya ba, amma ya koma fitsarin kwance, kuma ba ya son zuwa masallaci. Ƙanwarsa mai shekara 4 kullum sai ta tambayi yaushe Kawu zai dawo, don mun ce mata ya yi tafiya. Me zan ce musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan ƙanenki, ya ba ki haƙurin rashinsa, ya kuma sanyaya zukatan iyalan maƙwabcin nasa.

Tambayar ɗanki ba saɓo ba ce. Yaron da bai balaga ba alƙalami bai hau kansa ba, wannan sananne ne a hadisi. Kuma ba shi ya fara irin wannan tambaya ba. A Suratul Baƙara, aya ta 30, da Allah ya sanar da mala'iku zai sanya halifa a bayan ƙasa, cewa suka yi: za ka sanya wanda zai yi ɓarna a cikinta, ya zubar da jini? Allah bai kore su ba, amsa ya ba su. A aya ta 260 ta surar, Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu, aka kuma nuna masa. Ki riƙe waɗannan ayoyi biyu, domin da su za ki fara, kuma da maigida za ki fara, ba da yaron ba.

Ki same shi ku kaɗai bayan yara sun kwanta. Kada ki shiga da zargi. Uban da ya daka tsawa a irin wannan hali yawanci tsoro ne ya kama shi, tsoron kada ɗansa ya tashi da shakka, kuma shi kansa ba shi da amsar a hannu. Ki gaya masa abin da kika gani: tambaya ta tsaya a baki, ta koma fitowa ta hanyar fitsarin kwance da ƙin masallaci. Abin da kike nema a wurinsa bai da yawa. Ya kira yaron ya ce, "Rannan na yi maka tsawa ne don raina a ɓace yake. Tambayarka ba laifi ba ce, ka yi ta duk lokacin da ka so." In maganar ta yi masa nauyi, ko zama kusa da ku ya yi lokacin da ke kike faɗa, ya wadatar. Muddin yaro yana ganin an haramta tambayar, duk amsar da kika ba shi a ɓoye zai ɗauke ta, kuma zai zaci Allah ma fushi yake yi da mai tambaya.

Zaman da yaron ya kasance da rana, bayan ya ci abinci, ba lokacin kwanciya ba, don abin da aka tattauna gab da barci shi kan biyo yaro cikin mafarki. Minti goma zuwa sha biyar ya isa. Ku kasance kuna wani ɗan aiki, ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, saboda yaro ya fi sakin baki in ba a zuba masa ido ba. Kada ki fara da bayani. Ki tambaye shi: "Me ka ji an faɗa game da daren da Kawu ya rasu?" Sai ki yi shiru ki saurara har ya gama, ko da ya faɗi abin da ba daidai ba. A nan za ki gane ko wani ya nuna masa bidiyo a waya, ko yana zaton maharan sun san gidanku, ko kuma yana ɗora wa kansa laifi. Yara masu shekarunsa sukan ƙulla abin da bai da alaƙa: na ƙi zuwa aike ranar, na yi wa Kawu rashin kunya, na manta addu'a. In kin ji alamar haka, ki faɗa masa ƙarara cewa babu wani abin da ya yi ko ya bari da ya jawo wannan. Zai buƙaci jin haka fiye da sau ɗaya.

Ƙarƙashin tambayar tauhidin nan akwai wata da bai furta ba: mu ma za su zo mana? Ita za ki fara amsawa, domin yaron da ke cikin tsoro ba ya jin wa'azi. Kada ki yi masa alƙawarin cewa babu abin da zai taɓa faruwa. Yaron da ke Mayo-Sava, yankin da Mora da Kolofata suke, yana jin labari a makaranta da bakin famfo, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne; ranar da ya ji wani hari, amincewarsa da ke za ta tafi. Ki faɗi abin da yake gaskiya: "A daren nan muna gida tare, ƙofa a kulle take, akwai sojoji da 'yan sintiri da aikinsu ke nan. Tsare ka aikina ne da na Babanka, ba naka ba." Sannan ki ba shi abin yi. Ya haddace lambar wayarki, alƙaluma tara ne, kwana biyu ko uku sun ishe shi. Ku sa gida guda da za ku haɗu in kun rabu. In ya ji ƙara mai ƙarfi ya yi nesa da wurin, kada ya bi masu gudu zuwa kallo, domin sau da yawa akan tayar da bam na biyu a kan waɗanda suka taru. Kada ya taɓa baƙon ƙarfe ko jaka da ya gani a yashe. Ki koya masa wannan sau ɗaya ko biyu cikin murya ta yau da kullum, kamar yadda kike koya masa tsallaka titi. In aka mayar da shi karatun kullum, tsoron ake ƙarawa.

Sai maganar "su ma Allah suke kira". Kada ki ƙaryata abin da ya ji, don gaskiya ne suna kabbara. Ki ce masa: "Da ɓarawo zai saci rigar Babanka ya sa, ya shiga kasuwa ya yi sata, wanda ya hango daga nesa zai ce Babanka ne. Babanka ne ya aike shi? To haka mutanen nan suka yi da sunan Allah." Daga nan ki nuna masa yadda ake gane wanda Allah bai aika ba, wato a duba abin da Allah ya faɗa da kansa. Aya ɗaya ta isa a zama ɗaya. Ta 32 a Suratul Ma'ida ita ta fi sauƙi ga yaro: wanda ya kashe rai guda ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne, wanda ya ceci rai guda kamar ya ceci mutane duka ne. Wani zaman ki kawo masa cewa Annabi (SAW) ya hana kashe mata da yara ko a fagen yaƙi. Game da maƙwabcin Kawu, akwai aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ta ce Allah bai hana a kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba, a kuma yi musu adalci, da aya ta 40 a Suratul Hajji da ta ambaci coci-coci tare da masallatai cikin wuraren ibadar da Allah ya kare daga rushewa.

Ke kanki ya kamata ki san tarihin abin, ko da ba za ki zayyana masa ba. A watan Fabrairun 2015 'yan Boko Haram sun kashe mutane da dama a garin Fotokol da ke kan iyakar Kamaru da Najeriya, har da waɗanda suke cikin masallaci. A Yulin shekarar bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, a watan kuma aka kai hari babbar kasuwar Njamena. A Janairun 2016 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam cikin masu sallar asuba a Kuyape, nan kusa da Kolofata. Masu salla da masu zuwa coci, 'yan kasuwa da manoma, duk an binne su. Abin da yaro ke buƙata daga wannan jimla ɗaya ce: "Ba Kiristoci kaɗai suke kashewa ba, ba Musulmi kaɗai ba, duk wanda bai bi su ba suke cutarwa." Wannan jimlar tana hana shi fassara abin a matsayin faɗa tsakanin masallaci da coci.

Akwai kurakurai biyu da gidaje da yawa ke faɗawa a nan, kuma sun fi damun mu fiye da tsawar. Na farko, a ce wa yaro "kafirai ne" a rufe magana. Bakin babba yana jin sanyi da hakan, amma abin da yaro ya koya shi ne ana raba mutane gida biyu, kuma duk wanda aka kira da wannan suna jininsa ba shi da daraja. Da wannan ƙofar masu kisan suka shiga. Ki ce masa azzalumai ne, sun saɓa wa Allah saɓo mai girma, hukuncinsu yana wurinsa. Na biyu, a jingina abin ga wata ƙabila ko ga 'yan gudun hijira. A ajinsu akwai 'ya'yan Barebari da Mandara da Mafa da Larabawan Shuwa, akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu da ƙafa, wataƙila har da 'ya'yan tubabbun 'yan Boko Haram. Duk abin da ya ji a bakin murhu gobe zai faɗe shi a filin wasa. In ya tambaya game da yaran da ake ɗaura wa bam, ki gaya masa sace su ake yi, a tsoratar da su ko a yaudare su, su ma an zalunce su. Rahoton UNICEF na 2016 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na masu tayar da bam a yankin Tafkin Cadi yara ne, kuma uku cikin huɗu na yaran mata ne.

Yanzu ga tambayar da ta fi nauyi: me ya sa Allah bai hana su ba? Amsarta kashi uku ce, kuma ba dole a ba da su rana ɗaya ba.

Ki fara da zaɓi. "Allah ya nuna wa mutum hanyar kirki da hanyar mugunta, ya bar shi ya zaɓa. Ka tuna ranar da ka raba ƙosanka da ƙanwarka ba wanda ya sa ka? Kai ka zaɓa, shi ya sa kake da lada. Mutanen nan su ma zaɓa suka yi, mugunta suka zaɓa." Ki lura mun kawo misalin alherinsa, ba na laifinsa ba. In kika ce "kamar ranar da ka doki ƙanwarka", yaron da ke cikin fargaba zai sa kansa layi ɗaya da makasan. Sannan ki bambance masa cewa Allah ya bar abu ya faru daban, Allah yana son abin daban. Malamai suna da dogon bayani a kan wannan, amma yaro zai gane in kika ce: "Allah ba ya son abin da suka yi, ya hana, kuma ya ce ya haramta wa kansa zalunci." Wannan na ƙarshe hadisi ƙudusi ne da Muslim ya ruwaito.

Kashi na biyu, maganar ba ta ƙare a daren ba. Aya ta 42 a Suratu Ibrahim ta ce kada a zaci Allah ya gafala daga abin da azzalumai ke aikatawa, jinkirta musu kawai yake yi. In ya kai Izazul a allonsa, ku karanta ƙarshenta tare: wanda ya aikata alheri daidai da ƙwayar zarra zai gan shi, wanda ya aikata sharri haka. Yara suna da tsananin son adalci, kuma jin cewa ba wanda zai tsere da haƙƙin Kawu yana sauke musu nauyi. Kada ki shiga siffanta azabar wuta, ki tsaya a kan cewa za a yi hisabi.

Kashi na uku shi ne wanda iyaye ke gudu. Zai ce, "To me ya sa Kawu?" Ki ce: "Wannan ban sani ba. Allah ne ya sani, ko mala'iku da suka tambaya ce musu ya yi ya san abin da ba su sani ba. Ni ma abin yana yi mini ciwo, kuma ina roƙonsa kullum." Wannan amsa ba ta rage imanin yaro. Tana nuna masa babba wanda bai san komai ba, yana cikin baƙin ciki, kuma bai bar salla ba. Yawancin abin da zai riƙe daga zaman shi ne wannan.

Wasu kalmomi da muke faɗa wa juna a zaman makoki suna yi wa yaro illa. "Ƙaddara ce" gaskiya ce, amma in aka faɗe ta ita kaɗai, yaro yana jin Allah ne ya aiko su. Ki haɗa ta da cewa masu aikatawa su ke da laifin aikinsu. "Allah na kirki yake ɗauka" tana sa yaro ya ji tsoron zama na kirki, ko ya tsorata ke ma za a ɗauke ki. "Zunubanmu ne suka jawo" tana komar da shi kan laifin da kike ƙoƙarin cire masa. Maganar shahada kuma a yi ta da lura. Ki ce muna kyautata zaton Kawu yana cikin rahamar Allah, amma kada a ƙawata mutuwa har yaro ya fara cewa shi ma yana so ya je, domin da irin wannan alƙawarin ake jan yara zuwa daji. Ki ƙara da cewa Allah yana son ya rayu, ya girma, ya amfani mutane. In ya ce ya yi addu'a Allah ya tsare Kawu amma ba a karɓa ba, ki ce masa Allah ya ji, addu'arsa ba ta ɓata ba, kuma har yanzu addu'arsa tana isa ga Kawu. In ya tambayi makomar maƙwabcin, amsar ita ce an zalunce shi, hukuncin bayi na Allah ne, kuma Allah ba ya zaluntar kowa komai ƙanƙantarsa.

Rahamar Allah kuwa da wuya yaro ya gane ta ta hanyar hujja a wannan lokaci. Ki nuna masa inda take. Wa ya ɗauki waɗanda suka ji rauni? Wa ya kawo abinci kwanakin makoki? Wa ya ba waɗanda suka gudo masauki? Ku lissafa su da suna, ki ce Allah ne ya sa tausayi a zukatansu. Ki ba shi labarin matar da Annabi (SAW) ya gani tana neman jaririnta cikin kamammu, da ta same shi ta rungume ta ba shi nono, sai ya ce wa sahabbai Allah ya fi jin ƙan bayinsa fiye da yadda matar nan take jin ƙan ɗanta. Ki gaya masa Annabi ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, don ya san kuka ba rashin tawakkali ba ne, ko ga namiji. Sannan ki sa shi ya yi wani abu da hannunsa: ya kai sadaka da sunan Kawu, ko ya raka ki ku kai ƙwaryar gero ga iyalan maƙwabcin in hanya tana da lafiya.

Ita ƙaramar, a gyara maganar tafiya cikin makon nan. Yarinya mai shekara 4 ba ta gane cewa mutuwa ba ta da dawowa, don haka za ta ci gaba da jira, kuma duk ranar da Babanta ya ce zai yi tafiya hankalinta zai tashi. Kada kuma a ce barci yake yi, sai ta ji tsoron kwanciya. Ki ce: "Kawu ya rasu. Jikinsa ya daina aiki, ba ya jin ciwo, ba zai dawo ba. Muna kewarsa, muna yi masa addu'a." Ba sai kin ambaci yadda aka yi ba. Za ta sake tambaya gobe da jibi, ki maimaita da kalmomi iri ɗaya.

Fitsarin kwance bayan firgici abu ne da aka saba gani, kuma duka ko gori ƙara shi suke yi. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado, a rage shan ruwa da kunu awa ɗaya zuwa biyu kafin barci, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a ajiye masa tocila kusa don tsoron duhu kan hana yaro fita. Da safe a wanke ba tare da magana ba, kada ƙanwarsa ko 'yan gida su ji. Lokacin kwanciya ku karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa a tafinsa ya shafe jikinsa sau uku kamar yadda Annabi yake yi. Ki gabatar da shi a matsayin neman tsarin Allah, ba a matsayin sharaɗin da in ya manta wani abu zai same shi ba. Kada a ba shi ƙwayar barci ta masu tebur. In fitsarin yana zuwa da zafi, ko jini, ko yawan ƙishirwa, wannan ba na tsoro ba ne, a kai shi asibiti a gwada, don tsargiya da ciwon mafitsara da ciwon sukari duk suna iya zuwa haka.

Masallaci kada a tilasta. Ya yi salla a gida kusa da ke na mako ɗaya ko biyu, sannan ya bi Babansa azahar ko la'asar a masallacin unguwa, ya tsaya a gefensa. Sallar dare da ta Juma'a mai cunkoso su zo daga ƙarshe. Ki sanar da malamin allo da na makaranta abin da ya faru don kada su ɗauki shirunsa taurin kai. Wayoyin gidan a share bidiyon gawarwaki da ake turawa ta WhatsApp, manya kuma su daina maimaita labarin daren a gaban yara.

Yawancin yara suna samun sauƙi cikin makonni in gida ya natsu. Naki ya riga ya kai mako shida, don haka ki sa ido na mako uku zuwa huɗu bayan kun fara wannan. In mafarkin tsoro yana zuwa kusan kowane dare, ko ya daina wasa da cin abinci, ko ya ƙi makaranta, ki kai shi asibitin gunduma a Mora ki nemi a haɗa ku da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, in babu a tura ku babban asibitin Marwa. In kuwa ya fara cewa yana so ya mutu ya bi Kawu, ko yana maganar ɗaukar fansa da gaske, ko wani babba da ba ku sani ba ya fara jan shi da kyauta da wa'azi, kada ki jira ko kwana ɗaya. Ranar da za ku je, ki gaya wa likitan yadda naki barcin yake, domin ke ma ƙanenki aka kashe.